Daɓen Zauren Maɗori

Da albashina ya fara kauri
na ce zauren Baba zan gyara.
Simintinsa ya tsage kamar dunduniyar manomi,
kullum a share, kullum ya sake yin gari.

Na tashi daga Runjin Sambo da rana tsaka,
kwalta na tururi,
sai shagon Mainasara mai tayil.
Ina shiga idona ya maƙale a wani fari,
sumul, kamar nonon da ba a sa wa ludayi ba,
har ɗankunnena nake gani a ciki.
Na ce, wannan. Kwali talatin. A ɗaure.

Tsohon ko motsi bai yi ba.
Ya ɓara goro, ya dube ni ta saman tabarau:
"Ɗiyata, wa ka taka shi?"

Na ce, mutane mana.
"Waɗanne? Su nawa? Da mi ga ƙafa?
Ido na ganin tayil sau guda,
ƙafa ita ka zama da shi."

Sai na tsaya ina ƙirga.
Malam Jabbi maɗori ne tun ban san dama da hagu ba.
Kafin hantsi zaurensa ya cika:
ɗan kabu-kabu da aka kwaso a shataletale,
mutum huɗu na tallabe da shi,
ƙafa takwas ke nan, kowace da yashinta;
tsohuwar Kware da ta zame a bakin rijiya,
sandarta da ƙarfe a gindi;
yaron da reshen mangwaro ya yaudara
da uwarsa, tana zagi tana kuka;
makiyayi daga Wamakko wanda sa ya take wa yatsu;
masu sandar hammata, ƙwas, ƙwas, ƙwas.
Ga buta a bakin ƙofa tana yoyo.
Ga man shanun da Baba ke murza wa targaɗe
yana ɗiga inda ya ga dama.

Mainasara ya ɗebo yashin ƙofar shago,
ya zuba kan farin nawa,
ya murza da takalminsa sau uku.
Da ya hure, sai ga zane kamar kyanwa ta yi fushi.
Ya tsiyaya ruwa, ya ce in aza tafin hannu.
Hannuna ya tafi ba sallama.

"Mai karaya guda ya zo wurin tsohonki,
kada shi koma da biyu."

Daga can ƙarƙashi ya jawo wani,
ja-ja, kalar tukunyar da ta sha wuta,
mai kaushi kamar harshen saniya.
Ya ƙwanƙwasa shi da makulli, ya amsa tsan.
Ya ƙwanƙwasa farin, ya amsa ƙwaf.
Ni da nake ma'aikaciyar jinya na san wannan sauraro,
haka Baba ke tambayar ƙashi.

Ya fi tsada, ba shi da kyan da za a kira maƙwabta.
Kuɗin talatin suka tsaya a ashirin da huɗu,
lungun da ake jingine karan ɗori
har yau siminti ne.

Damina biyu ke nan.
Keken guragu ya bi, gadon ƙarfe ya bi,
ran nan har tunkiya aka shigo da ita, ƙafa a karye.
Ba wanda ya taɓa cewa daɓen ya yi kyau.
Ba wanda ya faɗi.

Baba bai ce komai ba, ba ya cewa.
Da asuba dai nakan ji shi
yana zagaya zauren ba takalmi, a hankali,
kamar mai duba majinyacin da ya warke.

Farin nan da aka murje da yashi,
Mainasara ya ba ni shi gyara.
Yana jingine a tagar ɗakina.
Wani lokaci nakan ɗaura ɗankwali a gabansa,
zanen ya ratsa ta kan goshina,
in gyara ɗaurin, in fita aiki.